Amina a Bakin Kanawa

Bazazzagin da ya sauka a tashar Unguwa Uku ya san abin da ke jiransa a cikin birni. Tsakaninmu da Kanawa wasa ne na kaka da kakanni, kuma ba sa ɗaga wa mutum ƙafa don ya sha hanya. An saba jin tsiyar a kan son girma, ko a kan Hausarmu da suke cewa ba ta raba mace da namiji. Wannan karon ta kan Sarauniya Amina ta biyo.

Ɗaurin aure ne ya kai ni. Na sauka wurin wani abokina da muka yi karatu tare a Samaru, a gidansu na gado da ke wani lungu tsakanin Ƙofar Mata da Kasuwar Kurmi. Mai adaidaita sahu ya shigo da ni ta Ƙofar Nassarawa, ya ajiye ni inda titi ya ƙare, saura kuma sai ƙafa. Mu ma muna da ganuwa a Zariya, mu ma kuma mun zuba ido ana cinye ta, don haka ba ni da bakin yi wa Kanawa gori. Amma tasu ta fi ban tausayi saboda girmanta. A wani wurin tudun jar ƙasa ne da awaki ke hawa, a wani wurin an yanka fuloti an jera shaguna, ƙofar kaɗai ta rage, ita ma an sake ta da siminti. Cikin lungunan kuwa birnin na nan da ransa: zaure na kallon zaure, mai koko na nan inda uwarta ta zauna, kuma ba a gifta dattijo ba tare da an rage tsawo ba.

Ƙanwar mai masaukina malama ce a wata makarantar 'yan mata. An ɗora mata shirya wasan daɓe na bikin yaye ɗalibai, da waƙe-waƙe da kiɗan ƙwarya, a kan Amina. Ta zo gida gaishe da tsohuwarsu, ta ji an ce akwai baƙo daga Zazzau, sai ta ce wa wanta, "Yaya, tunda ga ɗan garinsu Allah ya kawo, a tambayar mana shi. A wane zamani ta yi? Me zan sa wa yarinyar da za ta fito a Amina? Kuma in ta fito, a busa mata kakaki ko kar a busa?"

Na ba ta amsar da kowane ɗan firamare a Zariya zai bayar: 'yar Bakwa Turunku ce, ta gaji ƙaninta Karama wajen 1576, ta yi shekara 34 tana yaƙi, duk inda ta yada zango sai ta kewaye shi da ganuwa. Malamar ta gode, amma wanta ya yi dariya ya ce, "Ka ajiye wannan sai bayan isha'i. Akwai masu jiran ka."

Majalisar tasu benci biyu ce da tabarma a ƙofar shagon wani tela. Da aka ɗauko zancen, ba wanda ya tsaya kan wasan 'yan makaranta. Kowa fim ɗin Amina ya nufa, wanda Izu Ojukwu ya ba da umarni, Okechukwu Ogunjiofor ya shirya, ya hau Netflix a watan Nuwamban 2021. Lucy Ameh ce ta fito a Amina, akwai Clarion Chukwura, akwai kuma Ali Nuhu da Yakubu Mohammed da 'yan majalisar ke kira namu. A 2022 fim ɗin ya lashe babbar kyautar gasar AMVCA a Legas. Shekaru sun wuce, amma a wannan lungu ciwon bai warke ba.

Telan ne ya fi kowa zafi, kuma ta sana'arsa ya shigo. Ya ce shi ko rabi bai iya kai wa ba. "Malam, ka dubi suturar nan. Wace Bahaushiya ce ta taɓa shiga haka? Garin da ake saƙa, ake rini tun kafin a san Bature, a ce an rasa saƙi da tsamiya da kore?" Daga nan ya gangara kan fada: yadda ake tsayawa gaban sarki ana kallon ƙwayar idonsa ana ɗaga murya, da fagen da ake haɗa ƙarti faɗa sarki na kallo, irin na finafinan Rumawa, sannan duk da Turanci. Ya ce in mutum yana son ganin yadda ake magana da sarki, ba sai ya buɗe littafi ba, ya taka zuwa Ƙofar Kudu da hantsi ya ga yadda hakimi ke tuɓe takalmi ya zube, dogarai na amsa masa gaisuwa.

Wani matashi mai shago a Kantin Kwari bai yarda ba. Ya ce 'ya'yansa mata sun kalla sun maimaita, kuma daga ranar suka fara tambayar wace ce Amina, abin da shekarun makaranta ba su sa sun yi ba. In an yi kuskuren rawani, a gyara rawani, amma kar a ce aikin banza ne. Na ukunsu, wanda ke ɗan taɓa harkar tace hoto a masana'antar fim, ya juya wuƙar gida. Ya tuna musu cewa a 2016 gwamnatin tarayya ta ware wuri a Kofa, ƙaramar hukumar Bebeji, za a gina ƙauyen shirya finafinai, aka yi ca a kai daga mumbari har rediyo sai da aka janye. "Kun hana a gina wurin da za a yi irin wannan aiki da dawaki da fada da komai, wasu sun yi nasu, kuma kuna kuka. To da me za mu yi namu? Da falon haya a Zoo Road?" Telan ya ce wannan wata magana ce daban. Ba daban ba ce, amma dare ya yi.

Abin da na lura da shi, ba wanda ya yi gardamar shekara ko yaƙi. Duk ƙorafin a kan abin da ido ya sani ne: tufafi, gaisuwa, zama, harshe. Da na jefa musu 1576 ɗina, sai mai masaukina ya ce littafin garinsu bai yarda da ni ba, in shirya gobe mu je.

Da safe muka bi ta Kurmi, layin masu kayan doki. Wani dattijo na zaune cikin sirada da linzamai da jalala, yana ɗinkin dagumi. Muka gaisa, aka ce masa daga Zazzau nake, ya ce Allah ya ba ni haƙuri. Na tambaye shi, "Baba, in za a yi wa mayaƙin zamanin da shiri, me za a sa masa?" Ya ce lifidi, shi da dokinsa, da sulke in mai hali ne, da kwalkwali. Ya ce lifidi auduga ce ake cusawa a ɗinke ta yi kauri don kibiya, nauyi gare shi, in barde ya faɗo sai an ɗaga shi. Bai kalli fim ɗin ba, ba ya kuma shirin kalla, amma jikansa ya nuna masa hoto a waya, kuma a cewarsa wanda ya shiga fagen fama da damtse a waje bai yi niyyar dawowa ba.

Daga nan muka wuce Gidan Makama, daura da gidan sarki, inda aka ce Muhammadu Rumfa ya zauna kafin ya hau gado. Yanzu gidan tarihi ne, da tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da makamai da hotuna. A inuwar soron farko wani malamin tarihi na sakandare, ɗan unguwar su abokina, ya same mu da tsohon kwafin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, wanda aka buga a farkon shekarun 1930, mai ɗauke da fassarar Tarihin Kano daga Larabci. Wannan tarihi shi ne H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, kuma kusan duk abin da ake faɗa kan sarakunan Kano tun daga Bagauda, daga cikinsa ake ɗebowa.

A nan ne Amina take, cikin 'yan layuka kaɗan, a ƙarƙashin sarautar Dauda ɗan Kanajeji, wanda lissafin Palmer ya sa tsakanin 1421 da 1438. Littafin ya ce ta ci garuruwa har Kwararrafa da Nufe, ana kawo mata gandu, Sarkin Nufe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000, kuma ta yi shekara 34 tana wannan aiki. Shekara 34 ɗin da muke karantarwa a Zariya ashe daga Kano muka aro ta, muka ɗora a kan 1576, muka sami 1610. Tsakanin zamanin da Kano ta ba ta da wanda muka ba ta akwai kimanin shekara 150. Ƙari a kan haka, akwai jerin sunayen sarakunan Zazzau da babu sunanta a ciki sam.

Malamin yana jin daɗin wannan, don ya ga ya kama Bazazzagi a hannu. Ya ce ga amsar tambayar malama kan kakaki: littafin nan ya lissafa kakaki cikin abubuwan da Rumfa ya fara, tare da figini da Kasuwar Kurmi, kuma Rumfa ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. In Amina ta zamanin Dauda ce, ba ta ji kakaki ba. In ta 1576 ce, a busa mata. Lifidi da sulke kuwa ta same su ko ta wane lissafi, don littafin ya ce Kanajeji, uban Dauda, shi ya fara shigo da su, kuma shi ne ya kai wa Zazzau yaƙi aka koro shi, ya sake shiri ya koma ya yi nasara.

Na ce to a ci gaba da karatu, kar a tsaya inda ya yi wa Kanawa daɗi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin Infaƙul Maisuri da ya rubuta a 1812, ya ce Amina ta yi yaƙi har Katsina da Kano suka riƙa kawo mata haraji, kuma a Atagara ta rasu. Tarihin Kano ya ambaci Nufe da Kwararrafa, ya yi shiru kan Kano. Malamin ya ce ai shirun shi ne hujja. Na ce ko kuwa marubucin Bakano ne. Aka yi dariya, amma maganar tana da ƙashi a ciki. Masanin tarihi Murray Last yana ganin an harhaɗa littafin ne a shekarun 1880, zamanin Sarkin Kano Muhammadu Bello, daga jerin sunaye da kirari da waƙoƙi da abin da tsofaffi suka riƙe. Ke nan tsakanin Dauda da alƙalamin da ya rubuta labarinsa akwai kusan shekara 450. Littafin ma tsawon sarauta kawai yake bayarwa, shekarun miladiyya Palmer ne ya ƙirgo su da baya-baya. A ƙarƙashin Daudan nan kuma ya ce wani basarake, Dagaci, ya zo daga Barno da dawaki da tambura da tutoci har da bindigogi, abin da masana da dama ke ɗaga gira a kai. Kano tana da wani tarihin kuma da ake rerawa, Waƙar Bagauda, wadda Mervyn Hiskett ya buga a tsakiyar shekarun 1960, kuma sunaye da shekarun da ke cikinta ba su zo daidai da na littafin ba. Wanda duk ya ce a yi wasan Amina yadda abin ya faru, sai a tambaye shi: yadda wa ya faɗa?

Malamin nan ne ya kawo zancen Amurka. Ya ce su ma can suna da irin wannan rigima a kan wani wasan daɓe mai suna Hamilton, ya kalle shi a waya bayan Disney ta sake shi a 2020. Lin-Manuel Miranda ne ya rubuta shi, aka fara nuna shi a Niyok a 2015, daga farko har ƙarshe waƙa ce, yawanci salon hip-hop. Labarin Alexander Hamilton ne, ministan kuɗin Amurka na farko, mai hoto a takardar dala goma, wanda Aaron Burr ya harbe a fito-na-fito a 1804. Wasan ya kwashe kyaututtukan Tony 11 da Pulitzer a 2016. Baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka ne suka fito a George Washington da Thomas Jefferson da sauran fararen da suka kafa ƙasar, kuma ba wanda ya ce an yaudare shi, don kowa ya ga da gangan aka yi. An kama marubucin da ƙananan sauye-sauye: ya nuna Angelica Schuyler budurwa lokacin da ta haɗu da Hamilton alhali da aurenta, ya ce ubanta ba shi da ɗa namiji alhali yana da su. Waɗannan an yafe. Inda aka riƙe masa wuya shi ne bauta. Wasan ya fito da Hamilton a mai ƙyamar bauta, alhali gidan surukansa cike yake da bayi, kuma a 2020 wata mai bincike a gidan tarihin iyalin Schuyler da ke Albany, Jessie Serfilippi, ta fitar da takarda tana cewa littattafan kuɗinsa sun nuna shi ma ya saya ya mallaka. Masaniyar tarihi Annette Gordon-Reed ta ce tana son wasan amma ta soki yadda ya goge wannan. Marubuci Ishmael Reed kuwa sai da ya rubuta wasa sukutum a 2019 don yi wa Miranda raddi.

Tun a soron nan wannan ya tsaya mini a rai. Su sun bar maganar launin fata da sutura, sun kama abin da aka ɓoye. Mu mun kama rawani, kuma da gaskiyarmu, amma mun tsallake babanni arba'in ɗin nan kamar ba mu gan su ba. Mutum arba'in ne da aka kamo aka dandaƙe aka tura kyauta tare da goro, kuma littafin ya kawo su ne cikin abubuwan alfahari. Garuruwan da aka ci, akwai mutane a cikinsu. Ganuwar da ake jingina wa Amina, da wannan ta Kano da aka ce Gijimasu ya fara a ƙarni na 12, wasu ne suka haƙa ƙasa suka ɗauka a ka. Fadar da muke zaune daura da ita ta tsayu shekaru aru-aru a kan bayin sarki masu sarautu irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama, har Last yana zaton wani Ɗan Rimi, Malam Barka, shi ne ya harhaɗa Tarihin Kano ɗin kansa. Sai 1936 doka ta kashe bauta gaba ɗaya a Arewa. Ba tarihin nesa ba ne, shi ya sa ba a son taɓa shi a majalisa, inda kowa ya san asalin kowa. Na faɗi wannan a soron, malamin ya gyaɗa kai ya duba agogo.

Duk da haka ina tare da telan fiye da yadda na nuna masa. Bahaushe bai taɓa neman mawaƙi ya zama alƙali ba. In Narambaɗa ko Ɗanƙwairo ya ɗaga sarki ya kai shi sama, mai sauraro ya san ƙa'idar, ya san nawa zai rage. Wasan Hamilton ma haka ne, da ka ga Washington baƙi yana gambara ka san ba shaida ake bayarwa ba. Fim ɗin Amina bai ba mai kallo wannan alama ba. Ya zo da fuskar gaske, ga dawaki ga ƙura ga jini, kuma mai kallo a Landan ko Fatakwal ba shi da Ƙofar Kudu da zai je ya gwada. Inda tarihi ya yi shiru, kamar wa ta so, me ta ce wa ubanta, mai wasa na da filin sukuwa, ba mai hana shi. Inda abin yake raye, ana yin sa kullum a nisan tafiyar ƙafa, kuskure a nan rashin tambaya ne. Dattijon Kurmi na nan zaune, ba a zo wurinsa ba.

Kafin in bar gari malamar ta sake zuwa, wanta ya kwashe duk abin da aka yi ya faɗa mata. Ta saurara, ta yanke nata hukuncin ba tare da ta nemi shawarar kowa ba. Za a sa wa Aminarta zanen saƙi da rigar lifidi da za a ɗinka da katifar soso, telan majalisa ya ɗauki nauyi. Labarin da ake yi cewa tana kwana da namiji a kowane gari ta kashe shi da safe ba zai shiga ba, don iyaye za su zo, kuma ba a cikin littattafan biyu yake ba. Za ta tsayar da 'yan mata biyu a gefen daɓe, ɗaya ta faɗi abin da Tarihin Kano ya ce, ɗaya ta faɗi na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, masu kallo su zaɓa. Kakaki za a busa, don ta riga ta yi magana da mai busa.

Na ce, "Malama, babannin fa?" Ta ce goron dai zai fito, an yi alkawarin huhu guda daga Mariri. Babanni kuwa sai ta ji daga shugabar makaranta, kuma ta san abin da za ta ji.

Matsalar da ta fi damun ta wata ce. In za a bi Sarkin Musulmi Bello, dole wata ta fito a Sarkin Kano ta durƙusa ta miƙa haraji. Ta zagaya aji uku tana nema. An samu masu son fitowa a Sarkin Nufe, an samu na Katsina har da rigima, amma har na hau mota a Unguwa Uku ba a samu yarinya ɗaya da ta yarda ta yi na Kano ba.